Boren Manoman Bakalori na 1980 da Abin da ya Shafi Zobe

Duk ɗan Dutsin-Ma ko Kurfi ya san dam ɗin Zobe, wanda aka gina a kan gulbin Karaɗuwa aka kammala a 1983. Amma ba kowa ya san cewa Zobe yana da wa a ƙasar Zamfara ba, watau Bakalori. Hukuma ɗaya ce ta haife su, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a tuna wa 'yan'uwa ɗalibai yadda talakawan Bakalori suka tashi neman haƙƙinsu, da abin da ya same su.

Lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, bayan farin 1973, sai gwamnatin soja ta ƙuduri aniyar tare manyan koguna don noman rani. Aka zaɓi gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara da Maradun, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangila, aka gama datse ruwa a 1978. An ce za a noma alkama da shinkafa, ƙasa ta huta da sayo abinci daga waje.

To, a takarda kam shiri ya yi kyau. Amma aikin ya taɓa mutane kashi uku. Na farko su ne waɗanda ruwa ya cinye garuruwansu da gonakinsu, dubban mutane, aka mai da su kan tudu inda babu fadama. Na biyu su ne waɗanda aka karɓi gonakinsu don a baje su a ja magudanan ruwa. Waɗannan an sare musu ɗorawa da kuka da tsamiya, damina ta zo ta wuce ba su yi shuka ba, sa'an nan da aka zo mayarwa iyakoki sun ɓace. Na uku su ne mutanen da ke can ƙasa da dam, waɗanda ambaliyar shekara-shekara ke shayar da fadamunsu. Da aka tare ruwa, sai shinkafa da kamun kifi suka ja baya, kamar yadda binciken William Adams ya nuna daga baya.

Babban abin da ya harzuƙa jama'a shi ne maganar diyya. An yi alkawari, biya ya yi ta jinkiri, wanda aka biya kuma ya ga bai kai ba. Ga kuma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta rage wa manomi bakin magana. Da farko manoma sun bi hanyar da suka gada, suka kai kuka wurin masu gari da ma'aikatan hukuma. Da suka ga kukan bai wuce ƙofa ba, sai suka haɗa kai ƙauye da ƙauye, suka riƙa tare hanyoyin aikin, suka hana motocin kamfani wucewa. Daga 1979 zuwa farkon 1980 aiki ya yi ta tsayawa.

A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na Jihar Sakkwato, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Suka buɗe wuta, aka ƙone gidaje, aka kama mutane da yawa. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba, amma wasu masu bincike sun kawo adadin 386. Wannan tazara kanta darasi ce ga mai nazarin tarihi: wanda ke riƙe da bindiga shi ke riƙe da alƙalamin ƙidaya. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Yusufu Bala Usman da Bjorn Beckman, suna cikin waɗanda suka hana labarin ya nutse.

Zobe bai ga jini irin wannan ba, amma ya ga wata cutar. An tara ruwa a 1983, sai ya zauna shekaru da dama ba a ci moriyar da aka yi alkawari ba. Sai a 2021 aka buɗe aikin ruwan sha daga cikinsa, watau bayan shekara 38. Manomin da ya bar gonarsa don a gina shi, da yawa sun tsufa ko sun rasu kafin wannan rana.

Saboda haka, idan aka zo da wani babban aiki ƙasarmu, wajibi ne mai ilimi ya tambaya tun da wuri: gonar wa za ta tafi, nawa za a biya shi, kuma yaushe? Akwai kuma aiki a wuyanmu mu ɗaliban Hausa. Tsofaffin da suka ga tashin Zobe suna nan a ƙauyukan Dutsin-Ma. Mu je hutu da littafi da alƙalami, mu ɗauko labarin daga bakinsu tun suna da rai.