Tsarin Jam'iyyu Biyu a Jamhuriya ta Uku ta Najeriya

Tsarin jam'iyyu biyu na jamhuriya ta uku shi ne shirin da gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Badamasi Babangida ta ɗora Najeriya a kansa daga 1989 zuwa 1993, inda doka ta hana kowa tsayawa takara sai a ƙarƙashin tutar ɗaya daga cikin jam'iyyu biyu da gwamnatin da kanta ta kafa, wato SDP mai alamar doki da NRC mai alamar gaggafa. Masu nazarin siyasa sukan waiwayi wannan zamani idan suna kwatanta tsare-tsaren mulki, domin a ƙasashe irin su Amurka da Ingila rinjayen manyan jam'iyyu biyu ya tsiro ne sannu a hankali daga yadda ake fitar da wanda ya ci zaɓe, alhali a Najeriya dokar soja ce ta samar da shi rana ɗaya.

Masanin da ya fi shahara wajen bayyana alaƙar dokar zaɓe da yawan jam'iyyu shi ne Bafaranshe Maurice Duverger, wanda ya nuna a littafinsa na 1951 cewa idan kowace mazaɓa wakili ɗaya take fitarwa, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke lashewa ko da bai kai rabi ba, to masu zaɓe sukan guji ƙananan jam'iyyu don kada ƙuri'arsu ta tafi a banza, har takara ta koma tsakanin biyu. Najeriya ta gaji irin wannan doka daga Ingila, amma ba ta haifar mata da jam'iyyu biyu na ƙasa baki ɗaya ba, saboda kowace babbar jam'iyya tana da jiharta da ta yi kaka-gida. A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta sami kujeru 134 daga cikin 312, dukkansu a Arewa, ƙawancen NCNC da NEPU ya sami 89, AG kuma 73. Talakan Kano ko Zariya a lokacin zaɓinsa kusan bai wuce NPC ko NEPU ba, kuma ko wannan zaɓi ba a sake yake ba, tunda magoya bayan NEPU sun sha ɗauri a kotunan En'e, matan Arewa kuwa ba su da ƙuri'a gaba ɗaya.

Tsarin mulkin 1979 ya yi ƙoƙarin rushe wannan katanga ta hanyar komawa tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, da wajabta wa jam'iyyu zaɓo shugabanninsu na ƙasa daga kashi biyu cikin uku na jihohi, da kuma sharaɗin cewa sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohin kafin a ce ya ci. Jam'iyyu biyar aka yi wa rajista a karon farko, amma sakamakon ya nuna tsoffin iyakoki suna nan, domin UPN ta mamaye ƙasar Yarabawa, NPP ta fi ƙarfi a ƙasar Ibo da Filato, PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, GNPP ta ci na Borno da na Gongola, NPN ce kaɗai ta bazu sosai.

Wannan tarihi ne hujjar kwamitin tuntuɓar jama'a kan makomar siyasa da Babangida ya naɗa a 1986 ƙarƙashin Samuel Cookey, wanda ya ba da shawarar a taƙaita jam'iyyu su zama biyu. Da aka ɗage takunkumin siyasa a watan Mayun 1989, ƙungiyoyi 13 suka miƙa takardunsu ga hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu, amma a ranar 7 ga Oktoba na wannan shekara gwamnati ta yi watsi da su duka bisa zargin cewa tsoffin 'yan siyasa da attajirai ne ke juya su, ta kuma sanar da jam'iyyunta biyu, ɗaya ta ɗan karkata ga aƙidar gurguzu, ɗaya ga ta jari-hujja. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi da tsarin mulki, ta ba su kuɗin gudanarwa, ta gina musu ofisoshi iri ɗaya a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, waɗanda har yau ana ganin wasunsu an mayar da su kotuna ko ofisoshin gwamnati.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da ya fi cancantar nazari. Ƙungiyoyin da aka rushe ba su mutu ba, sai suka kwashe kayansu suka shiga sabbin jam'iyyun a matsayin ɓangarori, ta yadda SDP ta haɗa mutanen Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da ragowar UPN da PRP da NPP a inuwa guda, kowane ɓangare yana neman ƙwace ragamar jam'iyya. Saboda haka ainihin fafatawa ta tashi daga babban zaɓe ta koma zaɓen fidda gwani, inda kuɗi da iko da shugabannin mazaɓu suka fi ra'ayin talaka tasiri. Ɓangaren da aka kayar kuwa, da yake ba shi da jam'iyya ta uku da zai koma, sai ya yi wa tasa jam'iyyar zagon ƙasa. Haka ta faru a zaɓen gwamnoni na Disambar 1991, inda rikicin cikin gida na SDP ya buɗe wa Kabiru Gaya na NRC hanya a Kano, ya kuma buɗe wa Michael Otedola a Legas, duk da cewa jihohin biyu sun fi karkata ga SDP. An kuma yi zaɓuɓɓukan wannan lokaci ne da tsarin ƙato-bayan-ƙato, wato mai zaɓe ya shiga layi a bayan hoton wanda yake so a ƙirga shi, tsarin da ya rage cusa ƙuri'un bogi a akwati amma ya bar ɗan haya yana zaɓe a gaban maigidan da yake haya a wurinsa, mai unguwa kuma yana kallon kowa.

A watan Oktoban 1992 gwamnati ta soke zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa, daga bisani kuma ta haramta wa masu neman tsayawa 23 sake takara, cikinsu har da 'Yar'aduwa da Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi da Olu Falae. Sabon shirin da aka kira A4, wanda mai neman takara yake farowa daga mazaɓarsa ya hau zuwa ƙaramar hukuma da jiha da ƙasa, shi ya fitar da Moshood Abiola a SDP da Bashir Tofa a NRC. A nan ne amfanin tsarin ya bayyana, domin da yake babu jam'iyyar ƙabila da za a fake da ita, Abiola da mataimakinsa Babagana Kingibe, dukansu Musulmi, sun sami ƙuri'un Kiristoci masu yawa a ranar 12 ga Yunin 1993, Abiola kuma ya rinjayi Tofa a jiharsa ta Kano. Sai dai an soke zaɓen a ranar 23 ga Yuni, kuma Janar Sani Abacha ya rushe jam'iyyun biyu a watan Nuwamba ba tare da wata turjiya daga gare su ba, abin da ba zai ba da mamaki ba ga jam'iyyun da ba 'ya'yansu ne suka kafa su ba.

Kwatancin da ya fi kusa shi ne na Nijar, wadda ta yi nata zaɓen a wannan shekara ta 1993 bisa wata hanya dabam, bayan taron ƙasa na 1991. A can jam'iyyu da yawa ne suka shiga, ana raba kujerun majalisa gwargwadon ƙuri'un da kowacce ta samu, shugaban ƙasa kuma sai ya haura rabin ƙuri'u, in ba haka ba a je zagaye na biyu. MNSD Nasara ta zo ta ɗaya da kujeru 29 cikin 83, kuma ɗan takararta Tandja Mamadou ya yi kan gaba a zagayen farko, amma CDS Rahama da PNDS Tarayya da ANDP Zaman Lahiya suka haɗa kai a zagaye na biyu suka ba Mahamane Ousmane nasara. Mai zaɓe a Damagaram ko Tahoua ya sami damar bin jam'iyyar da ransa yake so, sai dai ba shi da hannu a cinikin ƙawance da shugabanni suke yi daga baya. Da ƙawancen ya watse a 1994, zaɓen majalisa na Janairun 1995 ya tilasta wa shugaba Ousmane zaman doya da manja da firayim minista Hama Amadou, har Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da gwamnatin a Janairun 1996.

Jamhuriya ta huɗu a Najeriya ba ta dawo da dokar jam'iyyu biyu ba, kuma hukuncin kotun ƙoli na 2002 ya sassauta sharuɗan rajista har jam'iyyu suka kai 91 a zaɓen 2019, kafin hukumar zaɓe ta soke rajistar 74 a shekarar da ta biyo. Duk da haka ba a iya kayar da jam'iyya mai mulki ta PDP a zaɓen shugaban ƙasa ba sai da ACN da CPC da ANPP suka narke suka zama APC a 2013, kuma tsarin mulkin 1999 ya riƙe sharaɗin cewa sai jam'iyya ta tsayar da mutum kafin sunansa ya kai ga masu jefa ƙuri'a.