Fatar Washi da Garin da Ke Kanta

Idan aka zo tarihin aski, aska ake yi wa kirari, a manta da fatar da ke rataye a gefen kujerar mai aski. Alhali ba don wannan fata ba, da garin ma'adinin da ake shafa mata, da askar Turawa mai naɗewa ba ta yi shekara ɗari biyu tana mulkin haɓar maza ba.

Mu fara daga Shefild ta ƙasar Ingila. A wajejen 1740 wani mai gyaran agogo, Benjamin Huntsman, ya gano yadda ake narkar da ƙarfe a cikin tukunyar yumɓu har ya fito da tauri iri ɗaya ko'ina. Irin wannan ƙarfe yana karɓar kaifin da na da ba ya iya riƙewa. Sai dai bakin aska mai kyau bai kai kaurin mikron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, gashin gemu kuwa yakan kai mikron 100. Aski ɗaya ya isa ya lanƙwasa wannan siririn baki.

Dutsen washi, irin rawayan nan da ake haƙowa a yankin Arden na Beljiyam, shi ke fitar da kaifi, amma yana cin ƙarfe, ba a hau masa kullum. Fata tsura kuwa gogewa take yi, ta miƙe abin da ya lanƙwashe. Tsakanin biyun ne aka samu dabara ta uku: a kwaɓa gari mai laushin gaske da kitse ko kakin zuma, a shafa wa fata, ta riƙa cin ƙarfen kaɗan-kaɗan. Ana jan askar ne bayanta na gaba, bakinta na biye, don kada ta yanke fatar. A 1769 maƙerin wuƙaƙe na Faris, Jean-Jacques Perret, ya fitar da littafi sukutum kan yadda mutum zai yi wa kansa aski, har da kula da aska.

Garin da aka daɗe ana amfani da shi ja ne, tsatsar ƙarfe ce da aka tace, irin wadda maƙeran zinariya ke goge kayansu da ita. Ya zama haja mai tsoka. A shekarun 1790 George Packwood, ɗan kasuwa a Landan, ya cika jaridun Birtaniya da tallar fatarsa da haɗinsa, cikin waƙoƙi da kacici-kacici, har masana tarihin kasuwanci ke kafa misali da shi a yau. A 1797 kuma masanin sinadarai Louis-Nicolas Vauquelin ya gano kromiyam a Faransa. Daga wannan ma'adini aka samu koren garin da masu washi suka runguma daga baya, wanda ƙwayarsa kan kai rabin mikron. Bayan kamfanin General Electric ya ƙera lu'ulu'u a ɗakin gwaji a 1954, garinsa ma ya samu hanyar shiga sahu.

Sana'ar tana da dokokinta. Kowane gari da tasa fatar, domin ƙwaya ɗaya mai kaushi ta isa ta ɓata aikin mai laushi. Idan aka yawaita ja, ko aka bar fatar ta yi sako-sako, bakin askar sai ya dulmuƙe, dole a koma kan dutse.

Wannan wahala King Camp Gillette ya hango a Amurka. A 1903 ya sayar da injin aski 51 da reza 168 kacal, amma tallarsa ta yi alkawarin da ya shiga ran mutane: ba washi, ba jan fata. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Amurka sun karɓi miliyoyin rezarsa, suka koma gida da sabuwar ɗabi'a. Abin da uba kan koya wa ɗansa ya koma abin saye a kanti.

Mu ma mun ga makamancin haka a wajen wanzamanmu. Da yawansu sun rage dogaro da askar da ke cikin zabira, sun koma sabuwar reza ga kowane kai. Dalilin mai ƙarfi ne, domin aska ɗaya a kan mutane da yawa na iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, kuma fata ba ta kashe ƙwayar cuta. Lafiya ta fi gado.

Duk da haka akwai abin da ya tafi tare da fatar: sanin cewa kayan aiki abin reno ne, mai shi ke da alhakin kaifinsa. Har yau kamfanin Dovo a Solingen ta Jamus da Thiers-Issard a Faransa suna ƙera askar, suna kuma sayar da fata da haɗin shafa mata. Aska ɗaya da ta samu irin wannan kulawa tana iya fin mai ita daɗewa a duniya.