Daga Fagen Dambe zuwa Fagen Daga: Sake Duba Rayuwar Muhammadu Kanta na Kabi

Tsakure

Maƙalar ta duba rayuwar Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ta fuskoki biyu: ƙuruciyarsa da ake cewa ya yi ta a fagen dambe da kokawa, da kuma yaƙe-yaƙensa. An gwama abin da Tarikh al-Sudan da Infaƙul Maisuri suka kawo da ruwayoyin baka na ƙasar Argungu. Binciken ya nuna yaƙe-yaƙen Kanta suna da madogara a rubuce, labarin dambensa kuwa ya dogara ne ga bakin mutane kaɗai, kuma ya fi ba da haske a kan yadda Kabawa ke kallon tushen sarautarsu.

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ya san sunan Kanta. Da shi aka kira gidan tarihin Argungu, wanda aka buɗe a 1958 a tsohuwar fadar sarakunan Kabi, kuma har yau mai kirari ba ya wuce shi idan ya zo yabon Bakabe. Labarin da aka fi ji shi ne na saurayi mai ƙarfi da ya ka da kowa a fage, sannan ya tara jama'a ya ci ƙasashe. Tambayar maƙalar ita ce: daga ina kowane yanki na labarin ya fito, kuma wane nauyi ya dace a ba shi?

  

Kanta a rubuce

Majiya mafi tsufa ita ce Tarikh al-Sudan, wanda Abdurrahman al-Sa'adi ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, wato kusan shekara ɗari bayan rasuwar Kanta. Houdas ya fassara shi zuwa Faransanci a 1900, John Hunwick kuma zuwa Ingilishi a 1999. A wannan littafi Kanta ya bayyana ne yana riƙe da sarautar Leka, ba a ce komai ba kan iyayensa ko ƙuruciyarsa. Ya bi Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulkin Songai a 1493, zuwa yaƙin Agadas wajejen 1515. A kan hanyar dawowa aka saɓa a kan rabon ganima. Mutanen Kanta sun ga an hana su kasonsu, suka yi tawaye, kuma rundunar da Askiya ya tura wajejen 1517 ba ta iya mayar da su ƙarƙashinsa ba.

Rikicin bai ƙare nan ba. Askiya Muhammadu Bunkan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya fito da kansa, aka gwabza a Wantarmasa, ya sha mummunan kaye. A farkon shekarun 1550 aka sake karawa da Askiya Dawuda, daga baya aka yi sulhu. Al-Sa'adi ya sanya rasuwar Muhammadu Kanta a 1556, ya ce ɗansa Ahmadu ne ya gaje shi. Abin lura shi ne marubucin mutumin Tambutu ne, yana rubuta tarihin sarakunan da Kanta ya kunyata. Shaidar da abokin gaba ya bayar a kan kayen da nasa suka sha ba ta buƙatar rantsuwa, shi ya sa wannan yanki ne mafi ƙarfi a duk tarihin Kanta.

Majiya ta biyu ita ce Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812. Bello ya kawo yaƙin Kanta da Barno: Sarkin Barno Mai Ali ya kewaye Surame, birnin Kanta, bai ci ta ba, Kanta ya bi shi har Nguru, a kan hanyar komawa kuma aka harbi Kanta da kibiya a Dugul cikin ƙasar Katsina, raunin ya zama ajalinsa, aka kai gawarsa Surame. Game da asalinsa kuwa, Bello ya kawo maganar cewa bawan Fulani ne.

Kanta a bakin Kabawa

Ruwayar Argungu, kamar yadda jami'an Turawa suka tattara ta kuma Hogben da Kirk-Greene suka kawo a littafinsu na 1966 kan masarautun Arewa, ta ɗauki wata hanya. A cikinta Kanta ɗan gidan sarauta ne daga ƙasar Katsina. Da aka hana shi gadon mahaifinsa sai ya yi fushi ya bi Fulani kiwo. A can ne ya yi suna a dambe da kokawa, samari suka taru a bayansa, daga cikinsu rundunarsa ta farko ta fito.

Ruwayoyin biyu sun haɗu a kan shanu da Fulani, suka rabu a kan matsayin mutumin: bawa ne ko ɗan sarki mai gudun hijira? Ba za a fahimci wannan saɓani ba sai an tuna lokacin da aka faɗi kowannensu. Bello ya yi rubutunsa ne shekara bakwai bayan Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi a 1805. Masu ruwayar Argungu kuwa jikokin waɗanda suka ƙi miƙa wuya ne: Karari da aka kashe a 1831, Yakubu Nabame da ya sake ɗaga tuta a 1849, da Sarki Sama'ila wanda ya hau gado a 1883 kuma Turawa suka tarar da shi yana kai. A ganina labarin dambe yana yi wa ruwayar Kabawa aiki babba. Yana bayyana yadda mutumin da ba shi da gari ko dakaru ya sami mabiya ba tare da wani ya naɗa shi ba. A fage jama'a ke shaida, ba a gadon nasara, ba a kuma ba da ita kyauta. Al'ummar da ta shafe mafi yawan ƙarni na 19 tana ƙin karɓar naɗi daga Gwandu tana da dalilin riƙe irin wannan kaka.

Akwai kuma abin da ke sa mai bincike ya yi hattara. Damben da muka sani a ƙasar Hausa, na naɗe hannu ɗaya da zare, an fi danganta shi da mahauta, waɗanda kan zaga ƙauyuka da kaka. Wasan jarunta na Fulani makiyaya sharo ne. Kokawa ce ta fi zama ta kowa a wannan yanki, daga Arewa da Zabarma har cikin Nijar, inda aka mayar da ita gasar ƙasa tun 1975. Don haka ko da saurayin ya yi wasan ƙarfi, babu hujjar cewa irin damben da ake kallo yau a bikin kamun kifi na Argungu ne. Shi kansa bikin, a surarsa ta yanzu, daga 1934 ya faro, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu.

Wannan ba ya nufin a watsar da ruwayar. Shirun al-Sa'adi ba musu ba ne, domin bai damu da ƙuruciyar sarakunan da ke wajen Songai ba. Hukuncin da hujjojin suka ba da dama shi ne: Kanta mayaƙi tabbatacce ne, Kanta ɗan dambe kuwa abu ne mai yiwuwa wanda ba a tabbatar ba, kuma littattafan makaranta bai kamata su jera su da murya ɗaya ba.

Abin da ya rage a yi

Shaida ta uku tana nan a ƙasa. Kufan Surame, wanda yanzu ke cikin Jihar Sakkwato, yana da ragowar ganuwar duwatsu, kuma Nijeriya ta sanya shi cikin jerin wuraren da take nema wa amincewar UNESCO a 2007. An bar birnin ne a farkon ƙarni na 18, lokacin da Sarki Tomo ya mayar da fada Birnin Kebbi. Haƙa na ƙwararru zai iya nuna shekarun ganuwar, a gane ko duka aikin sarki ɗaya ne. Ya kamata sassan tarihi na jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi su haɗa hannu da masarautun Argungu da Gwandu a naɗi ruwayoyin makaɗan fada da tsofaffin 'yan kokawa da muryoyinsu, a rubuta sunan kowane mai ruwaya da wanda ya ji daga gare shi.