Wuri da Sunayensa

'Yan'uwa marubuta, muna yawan sa wuri a labaranmu na zamanin da, amma ba kowa ya san cewa ɓawon wani dodon koɗi ne na teku ba, akasari daga tsibiran Maldibis.

A 1758 masanin Suwidin, Linnaeus, ya tara duk ire-irensa a ƙarƙashin suna ɗaya, Cypraea. Taron ya yi yawa. A 1863 Bajamushe Troschel ya ware wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kasuwar Kurmi, ya raɗa wa rukuninsa Monetaria. Tsofaffin littattafai dai Cypraea moneta suke cewa, kada mu ɗauka wata halitta ce daban.

Dangin nasa kuwa sun daɗe: a Turai an tono ɓawonsu da ya zama dutse, wanda ya haura shekara miliyan 66.