Taƙaitaccen Tarihin Nazarin Korewa a Nahawun Hausa da Matsalar Masu Koyo a Dutse

Tun daga 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse hedikwatarta, garin ya yi ta karɓar baƙi waɗanda Hausa ba harshensu na uwa ba ne, kuma adadinsu ya ƙaru bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ba irin waɗannan masu koyo wahala shi ne korewa. Asalin wahalar yana cikin tarihin yadda aka bayyana nahawun Hausa da yadda aka tsara rubutunta.

J. F. Schön, wanda ya wallafa nahawunsa a 1862, bai nuna karin sauti a rubutunsa ba, saboda haka duk wata "ba" kamanninta ɗaya a takarda. Sai a ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da ayyukan R. C. Abraham aka ba karin sauti da tsawon wasali matsayin da ya dace da su. Daga nan ne ta fito fili cewa abin da ake rubutawa "ba" ba abu guda ba ne. A duba waɗannan jimloli:

(a) Ba ta je Kiyawa ba.
(b) Ba ta zuwa Kiyawa.
(c) Ba Kiyawa ba ce.
(d) Ba ruwa a randa.

"Ba" ta farko a (a) gajera ce mai karin ƙasa. A (b) doguwa ce mai karin sama, kuma ba ta neman wata "ba" a ƙarshen jimla. A (c) doguwa ce mai karin ƙasa. A (d) kuwa karinta faɗau ne, tana kuma musanya da "babu". In an haɗa da "kada" ta hani, sun zama biyar. Paul Newman ya yi nazarin waɗannan kalmomi a wata maƙala ta 1971, sannan littafin M. K. M. Galadanci na 1976 ya zama madogarar ɗalibai a fannin ginin jimla. Sai dai ƙa'idojin rubutun boko ba su wajabta nuna kari ko tsawon wasali ba. Bahaushen Garu ko Limawa kunnensa ya ishe shi. Baƙon da ya koya daga allo kuwa yakan ɗauka doka ɗaya ce, har a ji ya ce "ba ta zuwa ba".

Kwatanci da harshen Luganda na ƙasar Yuganda zai ƙara haske. A can ɗafa-goshi ne ke ɗauke da korewa, yana manne da aikatau: "tugenda" (muna tafiya) yakan koma "tetugenda", "agenda" (yana tafiya) ya koma "tagenda", mai magana tilo kuma ya ce "sigenda" maimakon "ŋŋenda". An kuma daidaita rubutun harshen a 1947 ta yadda ake ninka dogon wasali. Mai koyon Luganda yana ganin korewar da idonsa. Mai koyon Hausa a Dutse kuwa dole ne malami ya furta masa jimlolin nan huɗu da baki, ya maimaita, kafin a kai ga rubuta su a allo.