Tarihin Gyaran Yoyon Mai a Babur

Sana'ar gyaran babur ta bunƙasa a Kano ne tare da acaɓa, tun daga shekarun 1980. A lokacin, baburan Japan irin su Yamaha da Suzuki ne a gari, kuma da yawansu suna ƙona mai tare da fetur. Da Bajaj na Indiya ya shigo bayan shekarar 2000, sai yoyon baƙin mai ya zama aikin yau da kullum. Bakanike yakan wanke injin da fetur, ya tayar da shi, ya duba inda mai ke tsattsafowa, sannan ya sauya gaskit ko ya ɗaure noti. Bayan hana acaɓa a 2013, makanikai da dama sun koma gyaran Adaidaita Sahu.