Lambar da ke jikin batiri ba ado ba ce

Jama'a, ga wani tarihi kan 'yan lambobin nan da ake mannawa a jikin batiri.

A watan Yunin 2006, ana tsakiyar wani taro a birnin Osaka na Japan, kwamfutar tafi-da-gidanka ƙirar Dell ta kama da wuta, hotunanta suka karaɗe intanet. Da aka bi sawu, sai aka gano batiran da Sony ya ƙera ne ke da matsala. Ɓurɓushin ƙarfe ne ya shiga cikinsu tun a masana'anta, shi ke sa batiri ya yi zafi har ya kama.

A watan Agusta Dell ya janye batir miliyan 4.1, Apple ya biyo baya da miliyan 1.8.

To abin lura a nan, ba a ce kowa ya dawo da kwamfutarsa ba. Cewa aka yi ka ciro batirinka, ka duba lambarsa a shafin kamfanin. In tana cikin rukunin da abin ya shafa, a aiko maka sabo kyauta. Hakan ya yiwu ne saboda akwai rajistar wanda ya ƙera kowane batiri da lokacin da aka yi shi. Da babu ita, ko dai a janye komai, ko a bar mutane da wuta a cinya.

Yanzu ku dubi caja da batiran waya marasa suna da suka cika kasuwanninmu. In ɗaya ya tashi gobara cikin dare, wa za a tambaya? Allah Ya tsare mu.